Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata Mai Rage Ƙiba Ya Hau Sikeli?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata yawancinsu daga Jos da kewaye suka fito, kuma kusan dukkansu a kan sikelin awon nauyi suke, da irin ruɗanin da yake jefa masu ƙoƙarin rage ƙiba a ciki. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce, shekaruna 38, ina da 'ya'ya uku. Mako biyu ke nan da na daina shan lemon kwalba, na mayar da tuwon dare malmala ɗaya maimakon biyu, nake kuma takawa zuwa makaranta da ƙafa. Ina hawa sikeli safe da yamma, wani lokaci har da rana. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne, da kilo 86.8 na fara, amma a safiyar Lahadin da ta wuce, washegarin bikin ƙanwar maigidana, sai na ga 87.1. Na haɗo muku awon safiya na kwanakin duka. Shin wahalar banza nake sha?
*Wata malama, Unguwar Rogo*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ba wahalar banza kike sha ba, kuma hujjar tana cikin takardar da kika rubuta da hannunki. A makon farko, daga Litinin zuwa Lahadi, kin rubuta 86.8, 86.2, 86.5, 87.4, 86.6, 86.1 da 87.3, waɗanda idan aka tara su aka raba gida bakwai za su ba da 86.7. A mako na biyu kin rubuta 86.9, 86.0, 85.8, 86.1, 85.6, 85.9 da 87.1, su kuma suna ba da 86.2. Kin sauke rabin kilo ke nan tsakanin makon farko da na biyu. Abin da ya ruɗe ki shi ne kin ɗauki ranar farko da ranar ƙarshe kin gwama su, alhali ranar ƙarshen ita ce wadda ta fi kowace rashin dacewa da a yi hukunci da ita.

Sikeli ba kitse yake aunawa ba. Duk abin da ya hau kansa yake aunawa: ƙashi da tsoka da jini da kitse, da ruwan da ke cikin jiki, da abincin da bai gama narkewa ba, da abin da ke cikin mara da hanji yana jiran fita. Kusan rabin nauyin baligi, ko fiye da haka, ruwa ne, kuma ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya. Ledar fiya wata mai rabin lita nauyinta rabin kilo ne, saboda haka idan kika shanye biyu kika hau sikeli za ki ga kin ƙaru da kilo guda nan take, ba tare da ko ɗigon kitse ya ƙaru a jikinki ba. Shi ya sa hawa da sauka na kilo ɗaya zuwa biyu a cikin yini ɗaya, ko daga yau zuwa gobe, abu ne da aka saba gani a jikin mai lafiya.

Mu dubi daren bikin da kyau. Safiyar Asabar kina 85.9, safiyar Lahadi kina 87.1, bambancin kilo 1.2. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, don haka kafin ki tara kilo 1.2 na kitse sai kin ci kalori fiye da 9,000 a kan abin da jikinki yake ƙonawa a ranar. Mace baliga kalori wajen 2,000 take buƙata a yini, ma'ana sai kin ci abincin kwana huɗu da wani abu a zama ɗaya, ƙari a kan na ranar. Ko wainar bikin ta kai yaya daɗi, ban yi zaton kin yi haka ba. Abin da ya faru ya fi wannan sauƙi. Girkin biki gishiri da dandano sukan yi masa yawa, jiki kuwa idan gishiri ya yi yawa a cikinsa yakan riƙe ruwa domin ya tsarma shi, har sai ƙoda ta fitar da rarar cikin kwana ɗaya zuwa uku. Shinkafa da waina da alkaki kuma sitaci ne da sukari, waɗanda jiki yake ajiye wani kaso nasu a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana tafiya ne da ruwa wajen giram uku. Ga shi kuma abincin kansa yana cikin hanji bai kai ga fita ba. Na tabbata da kin jira Laraba da kin ga lambar ta koma inda take. Ki lura ma cewa Lahadin makon farko ita ma ta hau, Litinin ɗin da ta biyo ta ba ta gama sauka ba; haka abin yake ga mutane da yawa, nauyi yakan hau a ƙarshen mako ya sauka zuwa Juma'a.

Akwai wani dalili da ba ki ambata ba, amma ya shafi kowace mace da ba ta daina al'ada ba. A kwanakin da ke gab da zuwan jini, jiki yakan riƙe ruwa, ciki ya ɗan kumbura, zobe ya matse yatsa, sikeli ya hau, sa'an nan komai ya sauka bayan jinin ya fara. Domin haka awon mace ya fi faɗin gaskiya idan aka gwama makon bayan al'ada na wannan wata da makon bayan al'ada na watan jiya.

Yadda za ki yi daga yanzu shi ne, ki auna sau ɗaya tak a yini, da safe, bayan kin tashi kin kewaya, kafin ki sa komai a baki, ko da ruwa ne. Lokacin tashi sallar Asuba ya dace ƙwarai, domin jiki ya kwana bai karɓi komai ba, ya kuma zubar da ruwa ta numfashi da gumi da fitsari, don haka a lokacin ne awon yau ya fi kama da na jiya a sharuɗɗa. Ki hau da zane ɗaya mara nauyi, irinsa kullum, ba takalmi, ki rubuta abin da kika gani, ki mayar da sikelin wurinsa. Awon yamma da na rana ki bar su gaba ɗaya, domin abin da suke gaya miki kawai shi ne kin ci abinci kin sha ruwa, wanda kin riga kin sani. Ranar Lahadi ki tara awon makon ki raba, wannan lamba ita kaɗai za ki riƙa gwamawa da ta makon da ya gabata. Mai sayen tumatir a kasuwar Farin Gada ya san kuɗin kwando da safe daban, da yamma daban, ranar da motoci suka yi yawa daban, amma ba ya cewa kaka ta shigo ko ta wuce sai ya ga inda farashin ya dosa cikin makonni.

Rabin kilo a mako da kike saukewa shi ne abin da ake so. Hukumomin lafiya na Birtaniya da Amurka duka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako suke ba da shawara, kuma rabin kilon yana daidai da rage kalori wajen 500 a kowace rana. Idan kika ji wata ta ce ta zubar da kilo uku a makonta na farko bayan ta daina cin tuwo da shinkafa, kada ki ji kin gaza. Yawancin abin da ta zubar ajiyar gilaikojin ce da ruwanta, kuma mako na uku zai same ta a kan irin tafiyarki.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a wajen Taminus. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na hau sikelin yaron nan mai yawo da shi cikin kasuwa, ya ba ni kilo 97. Washegari na shiga kemis aka ce 94, alhali a katina na asibiti 95.5 aka rubuta makon da ya wuce. Ɗana kuma ya sayo mini wani na hannu da aka shigo da shi daga waje, ina hawa ya nuna 209, har gabana ya faɗi. Wanne zan gaskata, kuma wane iri zan saya?
*Wani Alhaji, Gangare*

Amsa: Alhaji, a kwantar da hankali a kan 209. Wannan sikeli da laba yake lissafi, ma'aunin da Amurkawa suke amfani da shi, kuma kilo ɗaya laba 2.2 ne. Idan aka raba 209 da 2.2 za a samu kilo 95, wanda bai yi nisa da na asibiti ba. A juya bayan sikelin, galibi akwai ɗan maɓalli da ake turawa daga inda aka rubuta lb zuwa inda aka rubuta kg, shi ke nan an gyara.

Sauran ukun kuwa ba lallai ne wani ya yi muku ƙarya ba. Sikelin yaron kasuwa mai allura ne, da ƙarfen sifirin yake aiki a ciki, kuma sifirin da ke ɗaukar mutane iri-iri daga safe zuwa dare, ana kuma jefa shi cikin buhu ana yawo da shi, dole ya saki. Sau da yawa allurar ba ta ma tsaye a kan sifili kafin a hau, ga shi an ajiye shi a kan ƙasa mai gargada. Sa'an nan ku tuna yadda kuka hau. Ranar Juma'a ce, kuna cikin babbar riga da 'yar ciki da wando, idan lokacin hunturu ne irin na Jos har da rigar sanyi a ƙarƙashi, ga takalmi sau-ciki, ga wayoyi biyu da tarin makullan shago da damin kuɗi a aljihu. Wannan kaya kaɗai yana iya kai kilo ɗaya zuwa biyu, kafin a zo maganar abincin rana. A asibiti wataƙila an sa ku cire takalmi da babbar riga, a kemis kuma ba mu san rabon da a daidaita nasu ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai rage ƙiba ba shi ne sanin nauyinsa na haƙiƙa har zuwa giram ba, a'a, sanin ko yana sauka ne ko yana hawa. Sikelin da kullum yake ƙara muku kilo ɗaya, matuƙar kullum kilo ɗayan yake ƙarawa, ya fi muku amfani a kan sikeli uku nagari da kuke yawo a tsakaninsu. Saboda haka ku riƙe wanda ɗanku ya kawo, idan ya ci jarrabawa. Ku hau ku sauka sau uku a jere. Idan lambar ba ta canja ba, ko ta canja da giram 100 zuwa 200 kawai, to yana da tsayayyar magana. Bayan haka ku auna kanku, ku sake aunawa kuna rungume da jakar fiya wata mai leda 20 masu rabin lita, wadda nauyinta ya kamata ya kasance wajen kilo 10. Idan bambancin ya yi kusa da haka, sikelin ya isa.

Wurin ajiye shi ma yana da tasiri. A ɗora shi a kan siminti ko tayil mai shafe, ba a kan kafet ko darduma ko tabarma ba, domin abu mai laushi yana ɓata awon. A bar shi wuri ɗaya, nesa da danshin banɗaki. A tsaya a kansa da ƙafa biyu, a miƙe, ba tare da dafa bango ba, kuma idan ya fara ba da lambobi masu tsalle-tsalle a fara canja batir kafin a zarge shi.

Za a iya tallata muku masu tsada da ake cewa suna faɗin yawan kitse da tsoka da ruwan jiki. Waɗannan wata 'yar wutar lantarki mara ƙarfi suke turawa ta tafin ƙafa, su auna yadda ta ratsa, sa'an nan su yi ƙiyasi da lissafin da aka shirya musu tun daga masana'anta. Shan ruwa ko rashinsa, da jiƙar tafin ƙafa ko bushewarsa, duk suna juya sakamakon, kuma ba a yarda wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya hau su ba. A ganina ba su cancanci ƙarin kuɗin ba.

Tambaya: Likita, ni wata nas ta ce mini sau ɗaya a mako ya isa, haka nake yi. Amma 'yata, wadda take aji biyu a jami'a, tana hawa sikelina sau biyar ko shida a yini. Idan ta ga ya hau ko da kaɗan ne sai ta ƙi cin abinci har dare, ta wuni ba ta magana da kowa, alhali ba ta da wata ƙiba. Tsakanina da ita wa ke kan daidai?
*Wata uwa, Rikkos*

Amsa: Hajiya, a kan kullum ko mako-mako, duka biyun hanyoyi ne masu kyau. A Amurka akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, wanda ke bin diddigin mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe ragin shekara guda ko fiye, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane suna auna kansu aƙalla sau ɗaya a mako. Amfanin awo akai-akai shi ne mutum ya ga kilo biyu sun dawo tun ba su zama goma ba. Mai awon kullum yana da lambobi bakwai da zai raba, don haka rana ɗaya mara kyau ba ta ruɗe shi. Mai awon mako-mako kuma ya fi samun kwanciyar hankali, sai dai ya tsayar da rana ɗaya, Laraba ko Alhamis ta fi Litinin, kuma kada ya yanke hukunci sai ya tara awo huɗu.

Amma maganar 'yarku ta wuce wannan. Yarinyar da ba ta da ƙiba, tana awo sau shida a yini, tana horar da kanta da yunwa saboda giram 300, tana kuma janye jiki daga mutane, alamun da ke nuna matsalar cin abinci mai nasaba da damuwa ne take nunawa, kuma wannan cuta ce da ake dubawa a asibiti, ba iyayi ba ne ko koyi da Turawa. Ku ɗauke sikelin daga inda take iya kaiwa, amma kada ku yi haka da faɗa ko gori, kuma a hana 'yan gida yi mata ba'a a kan jikinta ko yaba mata rama. Ku zauna da ita ku biyu ku ji abin da ke damunta. Ku lura ko al'adarta ta tsaya, ko tana jiri, ko tana shiga banɗaki da zarar ta gama cin abinci. Ko da ba ku ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku kai ta ta ga likita, a kuma nemi a haɗa ta da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 45, tsawona mita 1.72. Wata uku ke nan ina sassarfa da safe a kewayen filin wasa na Rwang Pam. Na fara da kilo 95, yanzu ina 94. Amma wandunana sun yi mini yawa, har na ƙara huda bel. Sikelin ne ya lalace, ko kuwa kitsen ne ya koma tsoka kamar yadda abokaina suke faɗa?
*Wani ma'aikaci, Bukuru*

Amsa: Malam, kitse ba ya komawa tsoka, abubuwa ne biyu daban, sai dai ɗaya ya ragu ɗaya ya ƙaru a lokaci guda. Motsa jiki yana cin kitsen ciki tun kafin sikeli ya nuna wani abin kirki, kuma tsokar da ta fara aiki takan ƙara ajiyar gilaikojin da ruwa. Bel ɗinka gaskiya ya faɗa maka. Sai dai ba zan bar ka da daɗin bakin abokai ba: sassarfar wata uku ba ta gina tsoka mai kilo da yawa. Idan sikeli ya tsaya cik tsawon wannan lokaci, akwai yiwuwar abin da kake ƙonawa a fili kana mayar da shi a teburin mai shayi, domin kofin shayi mai madara da sukari da rabin burodi da ƙwai uku soyayyu suna iya zarce abin da sassarfar rabin sa'a ta ƙona. Kada kuma ka riƙa awo da zarar ka dawo daga gudu, abin da ya ragu a lokacin gumi ne. Masu naɗe ciki da leda ko sa rigar roba domin su ƙara zufa ƙishirwa kawai suke jawo wa kansu.

Abin da ya kamata ka ƙara a kan sikeli shi ne tef ɗin tela. Ba inda tela yake auna maka wando za ka auna ba, domin shi ƙarƙashin tumbi yake bi. Ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, wanda galibi yakan faɗo kusa da cibiya, a kan fata, kana tsaye, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ko ka matse tef ɗin ba. Sau ɗaya a mako biyu ko a wata ya isa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari yana farawa ga namiji daga santimita 94, ya yi tsanani daga 102, wato inci 37 da inci 40 a ɗaya gefen tef ɗin. Ga mace kuwa 80 ne da 88. Akwai ƙa'ida mafi sauƙin riƙewa, wadda hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta shigar cikin shawarwarinta a 2022: kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Kai naka rabin santimita 86 ne. Wanda ba shi da tef ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya gani ko za ta zagaye cikinsa. Dalilin damuwa da ciki shi ne, kitsen da ke kewaye da hanta da hanji ya fi na cinya da ɗuwawu alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Idan ka je asibiti za a lissafa maka BMI, wato a raba nauyi (a kilo) da tsawo sau tsawo (a mita). Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da lissafin a shekarun 1830, Ancel Keys kuma ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu a 1972. Naka 31.8 ne, kuma daga 30 ake kiran abin ƙiba, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Kafin ka sauko ƙasa da 25 sai ka kai wajen kilo 74, kuma na san mutum yana jin an ce masa saura kilo 20 sai jikinsa ya mutu. Kada ka sa wannan a gaba tukuna. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, ya ɗora wa wani rukuni burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na nauyinka bai kai kilo 7 ba.

Tambaya: Na sayi wani shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook, cikin kwana huɗu na sauke kilo uku, amma ina yawan zagayawa kuma ƙafafuna ba ƙarfi. In ci gaba?
*Wata amarya, Dilimi*

Amsa: Amarya, ki daina yau. Yawancin irin wannan shayi ganyen filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari, kuma kilo ukun da kika gani ruwan jikinki ne da abin da ke cikin hanji, za su dawo cikin kwanaki kaɗan da zarar kin ci kin sha. Rashin ƙarfin da kike ji alama ce ta cewa ruwa da gishirin jiki sun ragu, musamman sinadarin fotashiyam, wanda ƙarancinsa yake iya rikita bugun zuciya. Ki sha ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa, idan kuma jiri ko faɗuwar gaba ta biyo baya ki je asibiti da kwalin shayin a hannu. Idan akwai yiwuwar kina da ciki, ki faɗa musu tun a bakin ƙofa.

Tambaya: Likita, maiɗakina ta haihu wata guda da ya wuce, tana kuma son ta rage jiki, shi ya sa take awo. Da farko nauyinta ya sauka sosai, amma a cikin mako ɗaya ya hau da kilo huɗu. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, tana tari da dare. Tsofaffi sun ce jego ne ya karɓe ta, a ƙara mata kunun kanwa. Abincin me za ta rage?
*Wani magidanci, Nasarawa Gwong*

Amsa: Wannan wasiƙa ba mu jira ranar bugawa ba, mun aika wa mai ita amsa a ranar da ta iso, muna kuma buga ta ne domin wasu. Malam, wannan ba maganar abinci ba ce. Kilo huɗu a mako ɗaya tare da kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya a miƙe ruwa ne yake taruwa a jiki, kuma ga mai jego abin da ake fara tsoro shi ne raunin zuciya da ke zuwa a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Cutar sananniya ce a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kanta, suka danganta yawanta da kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya ya nuna tana kama har waɗanda ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma hawan jini lokacin ciki yana cikin abubuwan da ke share mata hanya. Duk da haka kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda yake sa jiki riƙe ruwa, don haka ƙara wa mai kumburi kunun kanwa ƙara wa zuciyarta kaya ne. A dakatar da shi, a kai ta babban asibiti a yau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, inda za a iya yi mata hoton zuciya. A yi wa tsofaffi bayani cikin ladabi, amma kada a jira sai sun amince.

Idan likita ya tabbatar da cutar, zai sa ta riƙa awo kowace safiya, wannan karon ba domin ƙiba ba. Ƙa'idar da ake ba masu raunin zuciya ita ce, ƙarin da ya wuce kilo biyu cikin kwana uku dalili ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba su ba, kuma masu ciwon ƙoda ko hanta su ma ana sa musu ido a kan irin wannan hawa na gaggawa. Haka nan saukar nauyin da ba a nema ba ita ma abin kai wa likita ce: wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya canja ci ko motsi ba, wato kilo 4 ga mai kilo 80, a duba shi a kan ciwon suga da tarin fuka da cutar maƙoƙo mai sa rama da sauransu. Maganar rage jikin maiɗakinka kuwa a ajiye ta har sai likitan zuciya ya sallame ta, sa'an nan a tsara abincin da ba zai taɓa nonon jariri ba.